Na'urar hannu ta rubuta U-235, sannan ta rubuta Ra-226: me za a sa a rahoto?

Ɗan_Samaru: Assalamu alaikum. Tambayata ga masu aikin auna tururin nukiliya ce. A ce motar tarkacen ƙarfe, irin lodin 'yan gwangwan, ta ratsa na'urar ƙofa sai ƙararrawa ta tashi. An sauke kaya, an ware wani guntun bututu mai nauyi. An kara masa na'urar hannu mai kiristal ɗin NaI (sodiyam ayodaid) na minti biyu, ta rubuta U-235, wato wani nau'in yuraniyam. An sake, ta rubuta Ra-226, wato radiyam. An sake, ta koma U-235. A tazarar mita ɗaya ƙarfin tururin bai kai 5 µSv/h (maikirosibat a awa ɗaya) ba. Jami'in tsaro na tsaye yana jiran abin da zai rubuta. Ni a ganina a rubuta U-235 tunda shi ne mafi haɗari, in ya so ɗakin gwaji ya tantance daga baya. Ko yaya kuka gani?

Hajiya_Fiziks: Wa alaikumus salam. Kada a rubuta haka, Malam. U-235 yana fitar da tururin gamma a 185.7 keV (keV ma'aunin ƙarfin gamma ne), Ra-226 kuma a 186.2 keV. Rabin keV ne kawai tsakaninsu. Faɗin layin NaI a wannan yankin ya haura keV goma sha biyar, saboda haka ba ta da idon da za ta raba su. Ko jamaniyam mai tsabta, HPGe, da ake sanyayawa da ruwan naitirojin, da ƙyar take iya taɓuka wani abu a nan. Sunan da ke fitowa a allon na'urar hasashe ne na manhajar cikinta. Abin da za a duba shi ne sauran layukan da ke rakiya. In radiyam ne, 'ya'yansa, wato abubuwan da yake rikiɗa ya zama, za su bayyana: Pb-214 a 295 da 352, Bi-214 a 609, 1120 da 1764. In U-235 ne, a nemi 143.8, 163.4 da 205.3. Layin 143.8 ya kamata ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na layin 186. A buɗe sifektiram ɗin, wato zanen layukan da na'urar ta ɗauka, a kwamfuta a duba da ido.

Injiniya_Arlit: Gaskiya ne. Kuma akwai abu na uku: yana iya zama duka biyun. Dutsen yuraniyam da ba a tace ba yana ɗauke da radiyam ɗinsa. In komai yana daidai tun daga uwa har jikoki, kusan kashi 57 cikin ɗari na layin 186 daga radiyam yake, sauran daga U-235. To na'urar da ke tsalle tsakanin sunaye biyu ba lallai ta lalace ba.

Mai_Darma: Akwai na huɗu ma, wanda yake yawan faruwa a cikin tarkace. Gamma ta Cs-137, wato siziyam, mai 662 keV in ta bugi ƙarfe ko ƙasa ta dawo baya, takan dawo da kusan 184 keV. Wannan tudun a NaI yana zama daidai inda ake neman U-235. Bambancin shi ne tudu ne mai faɗi, ba siririn layi ba, kuma za a ga 662 a sama. Na'ura mai tsohuwar manhaja tana iya rubuta siziyam da yuraniyam tare alhali siziyam ne kaɗai.

Ɗan_Samaru: To in an duba ba a ga 609 ba, ke nan an kore radiyam?

Hajiya_Fiziks: Ba kai tsaye ba. Tsakanin Ra-226 da Bi-214 akwai Rn-222, wato radon, kuma shi iska ne, rabin rayuwarsa, wato lokacin da rabinsa ke rikiɗewa, kwana 3.8. In kwanson ya fashe ko abin gari ne a buɗe, radon na ficewa, layin 609 ya yi rauni fiye da yadda ya kamata. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake liƙe samfurin a mazubin da iska ba ta fita, a bar shi mako uku zuwa huɗu, sannan a sake aunawa. In 352 da 609 sun ƙaru, radiyam na nan. Amma da wuya radon ya tsere gaba ɗaya daga dunƙulallen abu. Rashin 609 ɗungum tare da 143.8 a fili ya fi karkata ga yuraniyam da aka tace.

Baban_Sadiq: Kafin a yi nisa da sifektiram, a dawo kan tsaron rai. Adadin 5 µSv/h a mita ɗaya ba ya nuna abin ƙarami ne, domin ba a san kaurin abin da ya rufe shi ba. Bututu mai nauyi yana iya zama garkuwa ne da tushen tururin a ciki. Kada a yanka, kada a buɗe, kada a kankare tsatsa don karanta lamba. Abin da ya faru a Goyaniya ta Brazil a 1987 ke nan: an fasa kwanson na'urar maganin daji mai siziyam kusan 51 TBq (TBq, GBq da MBq ma'aunin yawan rikiɗar abu mai tururi ne), garin ya bazu, mutum huɗu suka rasu, aka auna mutane kimanin 112,000. A Samut Prakan ta Tailan a 2000 kobalt ne, a wajen masu tarkace, mutum uku suka rasu. Ana tunkarar abu ne daga nesa da na'ura a kunne. Inda aka kai 100 µSv/h nan ake ja igiya. Kuma a kula da na'urar Geiger: wasu tsofaffi in tururi ya yi musu yawa sai su shaƙe su nuna ƙasa, har su nuna sifili.

Mai_Darma: Ga lissafin da zai taimaka wajen ƙiyasi. Cs-137 tsirara yana ba da kusan 0.08 zuwa 0.09 µSv/h a mita ɗaya kan kowane MBq. Co-60, wato kobalt, kusan ninki huɗu na haka. In an karanta 50 µSv/h a mita ɗaya daga siziyam marar garkuwa, kusan 600 MBq ke nan, wanda a rukunonin IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya faɗa na biyar, mafi sauƙi. Amma darma mai kaurin milimita bakwai tana rage gammar siziyam da rabi. Santimita bakwai na darma sun rage ta kusan sau dubu. Wancan 50 ɗin a bayan irin wannan garkuwa na nufin ɗaruruwan GBq, wato abin da zai iya yi wa mutum lahani na dindindin. Sifektiram yana tona garkuwa: layin 662 ya ƙanƙance, tudun da ke ƙasansa ya kumbura, kuma a ga layukan darma a wajen 75 da 85 keV.

Uwar_Lab: Ni ƙorafina kan minti biyun ne. Kuskuren ƙidaya yana tafiya da tushen murabba'in adadin. Layi mai ƙidaya 100 kuskurensa kashi 10 ne, mai 10,000 kashi 1. A minti biyu da abu mai rauni, 143.8 ba zai fito daga hayaniya ba. A ba shi minti goma zuwa sha biyar aƙalla, a ɗauki na tururin wurin na tsawon lokaci ɗaya a nesa da abin, a ajiye fayilolin biyu. A rubuta tazara, lokaci, lambar na'ura, da abin da ke tsakanin na'ura da abin. Kuma kada a manna na'ura a jikinsa in yana da ƙarfi. In lokacin da na'ura ke makancewa tsakanin bugu da bugu ya haura kashi 20 zuwa 30, layuka na karkacewa, bugu biyu su haɗe su haifi layin ƙarya. Ja da baya ya fi.

Ba'agadeshe: Ƙari a kan na Hajiya Uwar_Lab, zafi. NaI tana gocewa da yanayi. An saita ta da safe cikin sanyin ofis, an fito da ita rana mai digiri 43, layuka sun zame. Zamewar kashi biyu ko uku ta isa manhaja ta ba da suna na daban. A duba K-40, wato potasiyam, a 1461 keV, yana ko'ina a ƙasa da siminti, shi ne ma'aunin da ba a saya. In bai zauna a mazauninsa ba a sake saiti kafin a yarda da komai. Kuma kiristal ɗin ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya, yana iya tsagewa. Daga mota mai sanyi zuwa tsakiyar rana a bar shi cikin akwatinsa ya saba tukuna.

Ɗan_Samaru: Na gode. To a ce an tabbatar yuraniyam ne. Tambayar da jami'in zai yi nan take ita ce: na bam ne?

Malam_Kemis: Nan ne ake buƙatar HPGe. Yuraniyam na halitta U-235 ɗinsa kashi 0.72 cikin ɗari ne. Wanda aka tatse yakan zama 0.2 zuwa 0.3, kuma shi ne aka fi samu cikin tarkace, saboda ana yin garkuwar kyamarorin duba walda da shi. Makamashin tashar lantarki yawanci 3 zuwa 5. Daga kashi 20 zuwa sama ne ake kira mai babban inganci. U-238 kansa kusan ba ya fitar da gammar da za a kama, sai ta jikarsa Pa-234m a 1001 keV. Ana gwada 186 da 1001, manhajoji irin FRAM su yi lissafin. Matsala biyu ce. Ta farko, tsakanin U-238 da Pa-234m akwai Th-234 mai rabin rayuwa kwana 24.1. In an tace yuraniyam kwanan nan, sai an yi kusan wata shida kafin 1001 ya cika, kafin nan abin zai yi kama da mai inganci fiye da gaskiyarsa. Ta biyu, bangon mazubi ya fi cinye 186 a kan 1001, sai sakamako ya faɗi ƙasa da gaskiya in ba a gyara lissafin kaurin bango ba. Kuskure biyu ne masu jan juna zuwa saɓanin gefe.

Baban_Sadiq: Kuma a kunna ma'aunin niyutiron. Niyutiron a cikin tarkace ba ƙaramin abu ba ne, amma ba lallai fulutoniyam ba. Tushen Am-Be (haɗin amerisiyam da beriliyam) na auna rijiyoyin mai ya fi yawa, kuma yana da alama, gamma mai 4.4 MeV, tare da 59.5 keV na Am-241 in garkuwa ba ta cinye shi ba. A ƙarshen 2002 irin waɗannan guda biyu sun ɓace a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su cikin tarkacen ƙarfe a Jamus. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya ta NNRA ake sanarwa, a Nijar takwararta ARSN.

Hajiya_Fiziks: A tuna kuma akwai abin da gamma ba ta gani. Po-210, wato poloniyam, da ya kashe Litvinenko, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, a Landan a 2006 alfa yake fitarwa, gammarsa ta 803 keV kusan sau ɗaya ce cikin rikiɗa dubu ɗari. Sr-90 kuma beta ne zalla. Dole a shafi jikin abin da bakin mazubinsa da takardar shafa, murabba'in santimita 100, a auna alfa da beta.

Injiniya_Arlit: Bari in karkata kaɗan, domin a wajenmu tambayar da ta fi zafi ita ce ta asali. In an kama garin yuraniyam, yelokek, a wata ƙasa, sai a ce daga Nijar ne kafin a auna komai. Gamma ba za ta taɓa faɗin mahaƙa ba, domin 0.72 ɗin nan kusan ɗaya ne a duk duniya. Oklo ta Gabon ce fitacciyar da ta saɓa, inda a 1972 aka ga 0.717, aka gano dutsen ya yi aikin tukunyar nukiliya da kansa shekaru kusan biliyan biyu da suka wuce. Abin da ke nuna asali shi ne datti. Nau'in sinadarin da masana'anta ta fitar na farko: SOMAIR ta Arlit an san ta da yuranet na sodiyam, COMINAK ta Akokan da aka rufe a 2021 da na magniziyam. Wasu wurare na amoniya suke yi, wasu su gasa shi ya koma U3O8. XRD, gwajin tsarin kiristal da hasken X, ke nuna wannan.

Malam_Kemis: Haka ne, Injiniya, amma wannan yana nuna hanyar sarrafawa ne, bai isa ya nuna wuri ba. Abin da ya fi riƙe asalin dutse shi ne tsarin sinadaran nan na lantanaid, daga lantanam zuwa lutetiyam. Yawansu na raguwa a tacewa amma siffar jerinsu takan tsira, kuma tana bambanta dutsen yashi irin na kwarin Tim Mersoi da irin na Saskacewan a Kanada. Ana haɗawa da Sr-87/Sr-86, aizotof na darma da niyodimiyam, da U-234/U-238 da ke ɗan sauyawa daga mahaƙa zuwa mahaƙa saboda ruwan ƙasa ya fi wanke U-234. Raunin darma da sitirontiyam shi ne sinadaran da aka zuba a masana'anta ma suna kawo nasu. Kuma ko an auna duka, sai da abin gwadawa. In babu samfurin mahaƙar a rumbun bayanai, iyakar abin da za a ce shi ne "ya yi daidai da dutse iri kaza" ko "bai yi daidai da wuri kaza ba". Korewa ta fi tabbatarwa sauƙi.

Ba'agadeshe: Sannan ko an tabbatar dutsen na Arlit ne, wannan bai nuna a hannun wa ya ɓace ba. Libiya ta sayi yelokek daga Nijar tun ƙarshen shekarun 1970. A Maris 2023 IAEA ta sanar da rashin ganin ganga goma, kusan tan biyu da rabi, a wata ma'ajiya a Libiya, daga baya aka ce an gan su. Mahaƙa daban, mai ajiya daban.

Uwar_Lab: Shi ya sa ake auna shekaru. U-234 yana rikiɗa zuwa Th-230, rabin rayuwarsa kusan shekara 245,500. Ranar da aka tace yuraniyam an cire toriyam, agogo ya fara daga sifili. Duk shekara rabon Th-230 da U-234 yana ƙaruwa da kusan 0.0000028. In an auna 0.000085, shekara 30 ke nan. A aikace ana narkar da 'yan miligiram a asid ɗin naitirik, a zuba sanannen adadin Th-229 da U-233 a matsayin ma'auni, a raba toriyam da yuraniyam a kan resin irin TEVA ko UTEVA, a kai ICP-MS, na'urar da ke tantance atom bisa nauyinsu. Inda ake faɗuwa shi ne zaton an cire toriyam tas a farko. In ya rage, abin zai nuna ya fi gaskiyarsa tsufa, kuma yelokek ya shahara da wannan. Ana tabbatarwa da agogo na biyu, Pa-231 da U-235. In sun yi daidai a yarda. In sun saɓa shi ma bayani ne, domin a zubin ƙarfen yuraniyam toriyam ya fi furotaktiniyam ficewa.

Mai_Darma: Na fulutoniyam ya fi sauƙi. Pu-241 rabin rayuwarsa shekara 14.3 ce, yana komawa Am-241, kuma ana iya samun ƙiyasin farko da gamma ba tare da narkar da komai ba.

Malam_Kemis: Na farko dai. A ICP-MS Pu-241 da Am-241 nauyinsu ɗaya, haka U-238 da Pu-238, sai an raba su da sinadari. U-238 kuma yana kama haidirojin ya zauna a 239 ya yi shigar Pu-239, U-235 ya yi haka a 236. Wanda bai gyara wannan ba zai ba da rahoton U-236 da babu shi, alhali U-236 ne shaidar cewa yuraniyam ya taɓa shiga tukunya. A ma'aunin alfa ma Pu-239 da Pu-240 na hawa kan juna, haka Pu-238 da Am-241.

Baban_Sadiq: Misalin da ya haɗa duk wannan shi ne na Ruse a Bulgeriya, Mayu 1999. 'Yan giram ne na garin yuraniyam a kwalbar gilashi cikin tukunyar darma. A Livermore ta Amurka aka auna: U-235 kusan kashi 73, U-236 kusan kashi 12, wato an taɓa ƙona shi an sake tacewa, kuma agogon ya nuna ƙarshen 1993. Amma marufin ya yi magana kamar garin. Kakin ruwan ɗorawa da ke cikin tukunyar an rina shi da bariyam kuromet, wanda ba a cika amfani da shi a Yammacin Turai da Amurka ba, takardar kuma zaren itatuwan Gabashin Turai ne. Da wani ya yar da kakin da takardar a matsayin shara, da rabin shaidar ta tafi. A kamun filin jirgin Munik na Agusta 1994, fulutoniyam giram 363, madubin lantarki ne a Karlsruhe ya nuna garin haɗin ƙwayoyi ne masu siffa daban-daban.

Uwar_Lab: Don haka tsari ya zama hoto kafin taɓawa, da ma'auni a gefe. Zanen yatsa da DNA kafin duk wani abin da zai lalata saman. Kowane abu jakarsa biyu, safar hannu sabuwa ga kowane samfuri, hatimi mai lamba, kuma duk wanda ya karɓa ya sa hannu da lokaci. Jadawalin da IAEA ke ba da shawara shi ne awa 24 don gamma, nauyi, girma da hoto, mako ɗaya don aizotof da sinadarai na farko, wata biyu don shekaru da cikakken datti. Tazara ɗaya a takardar miƙa hannu ta isa lauya ya rushe aikin wata biyun.

Ɗan_Samaru: Muna da inda za a yi wannan a gida kuwa, ko sai an fitar?

Hajiya_Fiziks: Matakin farko ana iyawa. Cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke Zariya tana da HPGe, kuma tukunyar bincike ta NIRR-1 da ta fara aiki a 2004 aikinta ke nan, a jefi samfuri da niyutiron a karanta sinadaran da ke ciki. Ita ce aka sauya wa makamashi a 2018 daga mai kashi 90 zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon Sin. Ghana ta yi irin wannan sauyin a 2017. Auna shekaru da ƙwaya ɗaya-ɗaya da na'urar SIMS kuwa ɗakunan gwaji kaɗan ne a duniya ke yi, kuma fitar da shaida waje na buƙatar yarjejeniya tun kafin abin ya faru.

Mai_Darma: Kuma a Najeriya kada a manta da ragowar haƙar kuza ta Jos. Monazayit ne mai toriyam: 239, 583, 911 da 2614 keV. Yana tayar da na'urar ƙofa, haka ɓawon da ke taruwa cikin bututun mai, wanda radiyam ne. Bututun Ɗan_Samaru yana iya zama wannan.

Baban_Sadiq: Komawa ga tambayar farko, ni na fahimci hujjarsa. Jami'i na buƙatar abin da zai yi aiki da shi yanzu. A ɗauke shi a matsayin U-235 wajen tsarewa da sanar da hukuma, babu laifi.

Uwar_Lab: Wajen tsarewa na yarda, Alhaji. Wajen rubutu ban yarda ba. A rubuta abin da aka gani: layi a wajen 186 keV, na'ura kaza, minti kaza, tazara kaza, ba a tantance tsakanin U-235 da Ra-226 ba, an aika fayil ga masana. Da zarar an rubuta U-235 a takardar farko, direban motar ya zama mai safarar kayan nukiliya, kuma rahoton da zai zo bayan mako guda ya ce ɓawon bututun mai ne ba zai goge wannan cikin sauƙi ba.

Baban_Sadiq: Amma "ba a tantance ba" a hannun wanda bai san fannin ba yana iya zama "ba komai", ya saki mota. Dole a ƙara layi a fili cewa ba a kore kayan nukiliya ba, kada a saki kaya.

Ɗan_Samaru: To in HPGe mafi kusa tana da nisan kwana guda, kuma ruwan naitirojin babu, na'ura mai kiristal ɗin LaBr3 (lantanam buromaid) za ta wadatar a matakin farko?

Hajiya_Fiziks: Za ta raba 143.8 da 186 fiye da NaI, faɗin layinta kusan kashi 3 ne a 662, na NaI kusan 7. Amma tana da nata tururin na ciki daga La-138 a wajen 1436 zuwa 1470 keV, daidai kan K-40, saboda haka dabarar saitin da Ba'agadeshe ya kawo sai an yi hattara da ita. A turo sifektiram na minti goma sha biyar da na tururin wurin, a ga ko 609 na nan.